Daga Sarƙa Zuwa Bel: Yadda Injin A-kori-kura Ya Daina Yin Gargaɗi

Idan kaka ta yi, hanyar Gwarzo ba ta hutawa. Tun da asuba motocin kaya ke fitowa daga ƙauyukan Rimin Gado, irin su Gulu da Butu-Butu, ɗauke da buhunan dawa da gero da wake da gyaɗa. Su ratsa Janguza, su wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, su shiga Kano ta Kabuga, wasu kuma su zarce kasuwar Dawanau. Duk mai bin hanyar a wannan lokaci ya saba ganin ɗaya daga cikinsu a tsaye a gefen titi, an tokare tayarta da dutse, an jera ganye a kan kwalta don na baya su kauce, direba yana zaune a inuwarta yana buga waya. Idan aka tambaye shi abin da ya faru, sau da yawa labarin iri ɗaya ne. Ana cikin tafiya lafiya lau sai injin ya ɗauke. Babu hayaƙi, babu ƙara, allurar zafi ba ta motsa ba. Ya murɗa makulli, sitata ta juya da sauri fiye da yadda ta saba, kamar an sauke mata kaya, amma motar ta ƙi tashi.

Bakaniken da aka kira ya gane ciwon tun kafin ya hau babur. Bel ɗin taimin ne ya tsinke. Idan ya iso ya cire murfi ya ga zare ya fito waje, tambayarsa ta farko ba ta canzawa: "Alhaji, yaushe rabon da a canza shi?" Amsar ma ba ta cika canzawa ba: "Wallahi Oga, haka na sayi motar."

Shekara 40 da suka wuce ba a yi wa mai a-kori-kura wannan tambaya, domin motarsa ba ta da irin wannan bel. Yadda aka yi ya shigo injinan ƙasar Kano, da dalilin da ya sa har yau yake shammatar mutane, labari ne da ya faro daga keken ɗinki a Amurka, ya biyo ta wani ƙaramin gari a Jamus, ya ratsa Kaduna da Kwatano.

Masu daka biyu, turmi ɗaya

Injin da ke cikin kusan kowace mota a yau jikan wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera ne a 1876, mai aiki a matakai huɗu. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Wuta ta kama, ƙarfinta ya turo shi ƙasa. Sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kowane silinda yana da ƙofofi da ake kira bawul, na shiga da na fita, kuma tilas kowanne ya buɗe a kan lokaci ya rufe a kan lokaci. Sanduna biyu ne ke tafiyar da aikin. A ƙasa akwai karanshaf, wanda fistin ke juyawa. Sai kuma kamshaf, sanda mai tozo-tozo, wadda ke danna bawul ta buɗe shi. Kafin matakan huɗu su cika, karanshaf zai zagaya sau biyu, kamshaf sau ɗaya. Wannan daidaito shi ne taimin, kuma abin da ke haɗa sandunan biyu shi ke tsare shi.

Saurin abin ya wuce yadda ido zai bi. Idan injin yana juyi 3,000 a minti ɗaya, wanda gudu ne na yau da kullum a kan kwalta, karanshaf na zagayawa sau 50 a daƙiƙa guda, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe sau 25. A ɗauka fulin kamshaf yana da haƙora 40, na karanshaf yana da 20. Idan aka goce da haƙori ɗaya tak, kamshaf ya kauce da digiri 9, wanda ya yi daidai da digiri 18 na juyin karanshaf. Motar za ta iya tashi, amma za ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai, ta yi ta karkarwa idan tana tsaye.

Wannan shi ne ƙaramin haɗari. Babban yana ga tsarin injin kansa. A injina da yawa, musamman na dizal, wurin da bawul ke saukowa idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke kaiwa idan ya hau. Lokaci kaɗai ne ya raba su. Misalinsu kamar mata biyu ne suna lugude a turmi ɗaya: muddin kowace ta san sa'ad da za ta saki taɓaryarta, daka na tafiya da daɗin ji, amma da zarar ɗaya ta yi jinkiri sai taɓare su haɗu. Idan bel ya tsinke, kamshaf na tsayawa cak, wasu bawul na nan a buɗe, fistin kuwa bai san an tsaya ba. Kafin direba ya kai ƙafarsa kan birki, bawul sun lanƙwashe. Saurin da sitata ke yi bayan haka alama ce ta cewa silinda ba ya iya riƙe iska.

Daga allura zuwa fistin

Hanyoyi uku aka sani na haɗa sandunan nan: haƙoran ƙarfe masu cizon juna, ko sarƙa irin ta keke amma mai kauri, ko bel mai haƙora. Biyun farko su ne na asali. Na ukun bai fito daga masana'antar mota ba. A tsakiyar shekarun 1940, wani injiniya mai suna Richard Case, wanda ke aiki da kamfanin Gilmer a Amurka, ya ƙirƙiro bel ɗin roba mai haƙora don keken ɗinki na Singer. Matsalar da ya warware irin ta injin mota ce: allura da kwarkwaro dole su haɗu a daidai lokaci, in ba haka ba zare ya harɗe. Bel na gama-gari, irin fanbel, yakan zame kaɗan-kaɗan ba tare da an lura ba. Mai haƙora ba ya zamewa, sai dai ya tsallake ko ya tsinke.

Motar farko da aka ƙera da yawa don kasuwa da irin wannan bel ita ce Glas 1004, wadda kamfanin Hans Glas na garin Dingolfing a Jamus ya fara sayarwa a 1962. A 1966 kamfanin Pontiac a Amurka ya fito da inji mai silinda shida mai aiki da bel, Fiat na Italiya ma ya yi haka a injinsa mai kamshaf biyu a wannan shekara. Zuwa shekarun 1970 da 1980, bel ya mamaye ƙananan motocin Turai da Japan.

Dalilan maƙera ba ɓoyayyu ba ne. A lokacin ana ɗauke kamshaf daga gindin inji ana mayar da shi can sama, bisa kan silinda, don injin ya ƙara gudu ya rage shan mai. Tazara tsakanin sandunan biyu ta ƙaru, doguwar sarƙa kuwa tana da nauyi da ƙara da tsada, kuma tana bukatar baƙin mai. Bel ba ya ƙara, ba shi da nauyi, ba ya son mai, kuma ƙera shi ya fi araha. Abin da ke cikinsa zaruruwan gilashi ne da aka lulluɓe da roba, aka shimfiɗa yadin nailan a kan haƙoran. Sai dai roba tana tsufa. Don haka maƙera suka ɗora wa mai mota sabon nauyi: ya cire bel ɗin ya jefar tun yana aiki, bayan wani adadi na kilomita ko na shekaru, duk wanda ya riga zuwa. A Turai da Japan wannan nauyi ya zo tare da abokin tafiyarsa, wato littafin sabis, wanda gareji ke buga wa hatimi duk lokacin da aka taɓa motar. Bel da littafin tare aka tsara su yi aiki.

Zamanin jaki, zamanin Fijo

Lokacin da Glas ke gwajin bel a Jamus, jaki ne motar kayan karkarar Kano. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin a shekarun 1960. Ya bayyana ƙasa mai cunkoson jama'a inda ake noma gona kowace shekara ba a barin ta ta huta, kuma abin da ya riƙe ta shi ne taki. Da rani jakuna kan shiga birni da itace, su fito da mangala cike da taki da shara zuwa gonaki. Noma irin wannan, wanda ƙasar Rimin Gado ke cikin yankinsa, ba ya yiwuwa sai da sufuri. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, manyan motoci suka biyo baya suna kwasar gyaɗa, amma tsakanin gona da kasuwa jaki da amalanke da kura ne ke aiki. Sunan da Hausawa suka raɗa wa ƙaramar motar kaya ya adana wannan tarihi: a-kori-kura, wato motar da ta zo ta karɓe aikin masu tura kura.

Motar da ta fi kowace amsa wannan suna ita ce Peugeot, wadda baki ya mayar Fijo. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. A daidai lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, har jirgi kan shafe watanni bai sauke kaya ba. Sai aka riƙa ɗauko sassan motocin ta sama, daga birnin Lyon na Faransa zuwa filin jirgin saman Kano a jiragen kamfanin UTA, daga nan manyan motoci su kai su Kaduna. Cikin abin da aka haɗa akwai a-kori-kura ƙirar 404, daga baya 504 ta gaje ta. Ba a daina haɗa 504 a Kaduna ba sai a tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta bar yin ta.

Injinan fetur na 404 da 504 na tsohon tsari ne. Kamshaf yana cikin jikin injin, kusa da karanshaf, gajeriyar sarƙa ce ta haɗa su, tana wanka cikin baƙin mai. Sarƙa ma tana tsufa, amma ba ta yin haka a ɓoye. Takan saki a hankali, ta fara kacau-kacau da safe idan injin bai ɗumama ba, ta yi ta ƙorafi wata da watanni kafin ta gaza. Mai mota yana da lokacin da zai sayar da amfanin gona, ya haɗa kuɗi, ya kai ta gareji.

A kan wannan inji aka gina ilimin gyaran mota na ƙasar Hausa. Yaro kan shiga gareji yana wanke sifana da miƙa wa maigidansa kayan aiki, ya shekara biyar ko fiye kafin a yaye shi, kuma babban abin da yake koya shi ne sauraro. Gwanin bakanike yakan kafa tsinin sukudireba a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar, ya faɗi inda ciwon yake. A bakin mutanen wancan zamani, saita taimin na nufin sassauta distiributa a juya ta kaɗan-kaɗan har muryar injin ta zauna. Aikin kunne ne, kuma idan an kuskure ana iya gyarawa nan take. Ƙa'idar da ta fito daga wannan makaranta mai sauƙi ce kuma mai hankali: abin da bai yi kuka ba, ba a taɓa shi.

Motocin da suka zo babu takarda

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka buɗe kasuwar musayar kuɗi a watan Satumba. Naira wadda a 1985 ta ɗan fi dala daraja ta koma kusan naira 4 kan dala ɗaya a 1987, kuma ba ta daina gangarowa ba. Kamfanonin haɗa motoci, waɗanda kusan duk sassansu daga waje suke zuwa, suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, da na manyan motocin Fiat a Kano. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, balle manomi.

Gurbin da aka bari tsofaffin motocin Turai ne suka cike shi. Yarbawa suka kira su tokunbo, 'yan kasuwa suka kira su Beljiyam saboda tashar Antwerp da ake lodinsu, a Arewa kuma aka ce 'yan Kwatano, domin a lokacin ta can suke sauka, su bi ta Nijar, su ratsa Maraɗi, su shigo ta Jibiya. Da su ne bel ɗin taimin ya shigo da yawa: a Golf da ta zama motar hayar ƙauye, a Peugeot 406, a Mitsubishi L200 mai dizal, da Toyota Hilux mai injin dizal na jerin L, wato 2L da 3L da 5L, masu lita 2.4 da 2.8 da 3.0. A waɗannan injinan Toyota, bel ɗin ba kamshaf kaɗai yake juyawa ba, har da famfon da ke harba dizal, kuma fistin yana matse iska fiye da ninki 20, don haka babu wani fili tsakaninsa da bawul. Hilux mai fetur, tsohuwa mai injin 22R da ta baya mai lita 2.7, sarƙa take amfani da ita, abin da kan ruɗa masu saye har yau.

Bayansu sai ga ƙananan motocin kaya na Japan, Daihatsu Hijet da Suzuki Carry, waɗanda a Kano ake kira 'yar kurkura. Dokar ƙasarsu ta ƙayyade injinsu kada ya wuce cc 660 tun 1990, kayansu kuma kada su wuce kilo 350, wato buhu uku da rabi na hatsi. Duk wanda ya ga yadda ake yi musu lodi ranar kasuwa ya san wannan doka ba ta ƙetaro teku ba. Tsofaffin injinansu masu silinda uku bel suke amfani da shi, sai a samfuran baya aka koma sarƙa. Su ne a yau suka gaji aikin jaki a hanyoyin burji na cikin gonaki.

Motocin sun iso, littattafan sabis ɗinsu ba su iso ba. Wanda ya sayi mota a Kano bai san ko bel ɗinta na asali ne ko an taɓa canza shi a Jamus ko a Osaka ba. Agogon kilomita ma ba shaida ba ne: wani an mayar da shi baya kafin sayarwa, wani ya mutu, wani kuma an taɓa shi lokacin da aka sauya sitiyarin motar Japan daga dama zuwa hagu, tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. Toyota ta sa wata fitila a gaban direba mai rubutun T-BELT, wadda ke kamawa a tsofaffin Hilux idan an cika kilomita 100,000. Amma fitilar agogo take bi, ba ta ganin bel ɗin. Idan agogo ya mutu ita ma ta mutu, idan kuma ta dami direba, akwai mai kashe masa ita cikin minti biyu.

Ga kuma yanayi. Zafin Kano a watan Afrilu yakan haura digiri 40, zafi kuwa yana busar da roba. Ƙurar hunturu na shiga duk inda murfi ya fashe ko aka manta ba a mayar da shi ba, ta riƙa cin haƙoran. Idan sil ɗin kamshaf ko na karanshaf ya fara yoyo, baƙin mai ya jiƙa bel, robar ta kumbura, haƙora su fara zubewa. Duk wannan yana faruwa a bayan murfi, shiru. Ilimin kunne, wanda ya yi wa Fijo hidima shekara da shekaru, ya gamu da abin da ba ya magana.

Karatun alama

Abin da bakanikai suka koya a madadinsa shi ne karatun alama. Maƙeri, wanda ya san ba zai taɓa haɗuwa da mai gyaran motarsa ba, ya bar masa saƙo a jikin ƙarfe: ɗigo, ko tsaga, ko kibiya a kan kowane fuli, da abokiyarta a jikin inji. Idan alamomin suka fuskanci juna, fistin na ɗaya yana ƙololuwar hawansa a matakin matsa iska, bawul ɗinsa duka a rufe.

Aikin yana da jeri, kuma jerin shi ne rabin sana'ar. Ana cire kan batir, a sauke fanbel, a kwance babban ƙusan fulin karanshaf, a buɗe murfi. Kafin a taɓa tsohon bel, sai a sa sifana a juya karanshaf da hannu ta inda injin ke juyawa, har alamomi su zauna. A injin fetur mai kamshaf ɗaya biyu ne, sama da ƙasa. A dizal na jerin L uku ne, har da ta famfon mai. Fistin yakan kai ƙololuwa sau biyu a kowane zagaye na aiki, don haka alamar ƙasa kaɗai ba ta isa ba. Idan ta zauna ta sama ba ta zauna ba, sai an ƙara juyi ɗaya. Daga nan ake sassauta tanshina, wato ƙaramar tayar da ke ɗaure bel, a zare tsohon. Tsakanin cire tsoho da sa sabo, sandunan biyu ba su da abin da ya haɗa su, kuma duk wanda ya juya ɗaya shi kaɗai zai iya lanƙwasa bawul da hannunsa.

Mai lura yakan jera sabon bel da tsohon ya ƙirga haƙora, ya duba faɗi da siffar haƙorin, domin akwai mai zagaye akwai mai kusurwa, kuma ba sa zama a fulin juna. Ba ya naɗe shi da ƙarfi ko ya cusa shi da sukudireba, don zaren gilashi yana karyewa a ciki ba tare da an gani a waje ba. Yakan juya tanshina da sauran ƙananan fuli ya ji ko boris ɗinsu ya fara gurnani, ya duba sil, a injinan da bel ke juya famfon ruwa ya duba shi ma. Yawancin bel ɗin da ke tsinkewa bayan ɗan lokaci da canzawa, tsohon boris ne ya cije ya kashe su. Sannan ya ɗora sabon daga fulin ƙasa, ya bi da shi ta ɓangaren da ke ja ba tare da ya bar sako-sako ba, ya bar ragowar ta taru a wajen tanshina, ya sake ta ta ɗaure.

Sai mataki na ƙarshe, wanda gaggawa ke sa a tsallake. Ana juya karanshaf da hannu zagaye biyu cif, a sake duba alamomi. Idan an ji ya cije a hanya, a dakata, ƙarfe ne ya taɓa ƙarfe. Hannu yana jin wannan ya tsaya, sitata ba ta ji. Sabon yaro kan firgita idan ya ga layukan da aka zana a jikin bel ba su dawo kan alama ba bayan juyin, alhali ba a tsara su don su dawo ba. Na jikin fuli su ne shaida.

Ba kowane maƙeri ne ke rubutu da harufa iri ɗaya ba. Peugeot a injinanta na baya, irin na 406, ramuka ta yi, waɗanda ake zura wa ƙusa a kulle sandunan. Wasu bakanikai kan guje wa duk wannan ta hanyar ɗiga fenti a kan fuli kafin su cire tsohon bel. Dabarar tana aiki idan tsohon yana daidai. Idan kuwa ya riga ya tsallake haƙori, fentin kuskuren zai kwafa ya miƙa wa sabon.

Ranar da za a rubuta

Hannun bakanikan Kano ya daɗe da ƙwarewa a wannan aiki. Abin da bai zauna ba shi ne lokacin yin sa. Shawarar a cire abin da ke aiki a jefar tana da nauyi a kunnen mutumin da ya tashi a kan ƙa'idar Fijo, kuma tana bukatar amana, domin mai mota ba shi da hanyar gane ko bakanike gaskiya yake faɗa ko aiki yake nema. A Kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayen kayan gyara, bel ɗaya yana da daraja hawa-hawa: na asali, da na kwaikwayo, da jabu mai kwali irin na asali, har da tsoho da aka ciro daga injin Beljiyam. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta sake faɗuwa, kuɗin kayan gyara ya ninka, kuma duk abin da za a iya ɗagawa zuwa baɗi ana ɗaga shi. Amma lissafin bai canza ba. Wanda ya canza bel da tanshina ya biya kuɗin kaya biyu da aikin yini ɗaya. Wanda ya jira ya tsinke zai sauke kan silinda, ya sayi bawul da gaskit, wani lokaci har da fistin, ya biya janwe, ya biya wata motar ta kwashe buhuna, sannan ya zauna a gida a makonnin da aka fi samun lodi a duk shekara. Ga manomin da amfaninsa ke kan motar kuma, ranar kasuwa ta wuce.

Maƙera su ma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Toyota ta koma sarƙa a injinan dizal na Hilux da ta fitar a 2015. Ford da Peugeot kuwa sun bi wata hanya, suka sa bel a cikin baƙin mai a wasu injinansu na shekarun 2010, irin bel ɗin da ke narkewa ya toshe matatar famfon mai idan aka zuba man da bai dace ba ko aka jinkirta juye. Waɗannan motoci suna kan titunan Turai yanzu. Idan aka bi tarihi, nan da 'yan shekaru za su sauka a Kwatano ko Legas, su ma babu takarda.

Maganin da ya fi dacewa da ƙasa irin ta Rimin Gado ba shi da tsada. Duk motar da aka saya ba a san tarihinta ba, a ɗauka bel ɗinta ya tsufa, a canza shi kafin ta fara aiki. Inda agogo ya mutu, a ƙirga da kaka, tunda maƙera da kansu sun sa iyakar shekaru, galibi huɗu zuwa shida, ban da ta kilomita. A yi aikin a ƙarshen damina, kafin amfani ya iso gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Masu yin bel na ƙwarai sukan saka 'yar takarda mai mannewa a cikin kwali don a rubuta rana da kilomita, amma zafin inji da wankin mota kan cinye ta. Shi ya sa wasu bakanikai, idan sun juya karanshaf zagaye biyu sun ga alamomi sun zauna, sun mayar da murfi sun ɗaure, sukan aiki yaro ya ɗauko farin fenti da tsinke. A jikin murfin, inda duk wanda ya buɗe bonet zai gani, sai su rubuta wata da shekara.